BAYANI: Yadda ake haɗa bututun ruwa na hitar gas, da kurakuran da ke mayar da banɗaki tarko

Tun bayan da Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin Band A zuwa naira 225 a kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, hitar ruwa ta lantarki ta shiga jerin kayan da magidanta ke yi wa kallon masu cin kuɗi. Waɗanda ba sa kan wannan rukuni kuwa, wutar ce ba ta zuwa a lokacin da ake buƙatarta, musamman da asubar hunturu. Wannan ne ya sa hitar da ke aiki da gas ta fara samun gurbi a gidaje da otal-otal da ɗakunan kwanan ɗalibai.

Lissafin kuɗi yana goyon bayan masu wannan zaɓi. Dumama ruwa lita 50 daga digiri 20 zuwa digiri 60 a ma'aunin Salshiyas yana cin wuta kusan yunit 2.3, wato sama da naira 500 a wancan farashi. Aikin nan dai kusan rubu'in kilo na gas ne ke yin sa. Sai dai hitar gas wuri ne da wuta da ruwa mai matsi da hayaƙi suke haɗuwa a cikin akwati ɗaya, kuma yadda aka ja mata bututu shi ke tabbatar da ko za ta yi shekaru tana aiki lafiya, ko kuwa za ta jawo asarar dukiya da rai.

Asalin na'urar

Wani mai sana'ar fenti ɗan Ingila, Benjamin Waddy Maughan, shi ne ya ƙera hitar gas ta farko ta cikin gida a birnin Landan a shekarar 1868. Na'urarsa ba ta da bututun fitar da hayaƙi, saboda haka duk abin da wutar ta ƙona a cikin ɗakin wanka yake tsayawa. A 1889 Edwin Ruud, injiniya ɗan asalin Norwe da ke aiki a Pittsburgh ta Amurka, ya fito da mai tanki wadda ke kunna kanta, sannan a 1894 Johann Vaillant na Jamus ya yi rajistar wadda ta raba hanyar ruwa da ta hayaƙi. Matsalar da Maughan ya bari tun farko, wato ina hayaƙi zai bi, har yau ita ce ke kashe mutane a ƙasashen da ake kafa na'urar ba bisa ƙa'ida ba.

Iri biyu, buƙatu biyu

Hitar gas iri biyu ce. Ta farko ita ce mai tanki, wadda ke tara ruwa ta dumama shi ta ajiye. Ta biyu ita ce mai dumama nan take, wadda ake rataye ta a bango, ba ta ajiye ruwa, sai an buɗe famfo ruwa ya ratsa ta sannan wutarta ta kama. Ana auna girmanta da yawan litar da take dumamawa a minti ɗaya: 6, 10, 12 ko 16.

Kowace da inda hatsarinta yake. A mai tanki, abin tsoro shi ne taruwar matsi da zafi a cikin tankin. A mai dumama nan take kuwa, abin tsoro shi ne girman wutar: hita mai lita 10 tana cin gas kusan kilo ɗaya da rabi a awa guda, daidai da kunna kawunan murhun girki takwas zuwa goma a lokaci ɗaya. Tukunyar gas mai kilo 12.5 za ta ƙare a cikin awa takwas idan aka bar ta tana ci ba tsayawa.

Tambayar farko: ƙarfin ruwa

Gidaje da dama a Kano da Kaduna ba daga babban bututun hukumar ruwa suke sha kai tsaye ba. Ana tura ruwan rijiyar burtsatse zuwa tankin sama, shi kuma ya gangaro da nauyinsa. A irin wannan tsari, kowace mita 10 ta tsayi tana ba da matsi kusan ba ɗaya, wato ma'aunin matsi da ake rubutawa a jikin na'ura da takardarta. Ana kuma auna tsayin ne daga saman ruwan da ke cikin tanki zuwa inda hitar take. Tankin da ke bisa ƙarfe mai mita 5, idan hitar tana rataye a mita 2 daga ƙasa, abin da ya rage bai wuce ba 0.3 zuwa 0.4 ba.

Hita mai dumama nan take ba ta kunnuwa sai ruwa ya taho da wani ƙarfi da kamfanin ya ƙayyade a takardarta. Idan ƙarfin yana kan iyaka, wutar za ta riƙa kamawa tana mutuwa, mai wanka ya ji ruwa ya yi zafi, can kuma ya koma sanyi. Maganin wannan uku ne: a ɗaga tanki, ko a sa ƙaramin injin ƙara ƙarfin ruwa kafin hitar, ko a sayi samfurin da aka yi domin ruwa mai rauni. Abin da wasu masu gyara ke yi, wato taɓa abin da ke jin motsin ruwa a cikin na'urar domin ta riƙa kamawa ko da ruwa kaɗan ne, cire mata kariya ne. Wuta mai yawa a kan ruwa kaɗan tafasa shi take yi, ta ƙona na'urar, ta ƙona mai wanka.

Wane irin bututu?

Farin bututun PVC da ake jan ruwan sanyi da shi bai dace da ruwan zafi ba. Iyakar juriyarsa kusan digiri 60 ce, kuma tun kafin a kai nan ƙarfinsa yake raguwa, gam ɗin mahaɗarsa ya saki. Arharsa ce ke sa a yi amfani da shi, ɓarnarsa kuma sai bayan an rufe bango da tayil take bayyana.

Bututan da aka yi domin ruwan zafi su ne jan ƙarfe, da CPVC, da PEX, da PPR. Na ƙarshen, wanda aka fi sani da launin kore, shi ya fi yawa a kasuwannin kayan gini na Najeriya, kuma da na'urar narkarwa ake haɗa shi a zafin kusan digiri 260. Akwai abu biyu da mai gida zai lura da su a kansa. Na farko shi ne lambar da ke rubuce a jikinsa: PN20 ko PN25 ne na ruwan zafi, PN10 na ruwan sanyi ne kawai. Na biyu shi ne hannun mai aikin, domin idan ya bar bututun ya daɗe a kan na'urar, robar takan narke ta toshe rabin hanyar daga ciki. Daga waje mahaɗar za ta yi kyau, amma ruwan da dama ba shi da ƙarfi sai ya ƙara raguwa.

Ko da bututun roba mai kyau ne, ba a ɗaura shi kai tsaye a bakin hitar gas. Ɗaya daga cikin manyan kundayen aikin famfo na Amurka ya hana sa PEX a inci 18 na farko daga na'urar, wato kusan santimita 46. A wannan tazara ana sa jan ƙarfe ko tiyon ƙarfe mai lanƙwasuwa, kuma ana nisanta duk wata roba daga bututun hayaƙi. Inda jan ƙarfe zai haɗu da bututun baƙin ƙarfe, ana raba su da mahaɗa ta musamman mai roba a tsakiya, domin ƙarafa biyu mabambanta da suka taɓa juna a cikin ruwa, ɗayan yakan ci ɗayan da tsatsa.

Jerin kayan a layin ruwan sanyi

Bakin shigar ruwan sanyi yana da alamar shuɗi, na fitar ruwan zafi yana da alamar ja, kuma al'adar aikin famfo ita ce zafi a hagu, sanyi a dama, a jikin na'ura da kuma a kan famfon wanka. A kan hita ta bango, bakin gas yakan zauna kusa da waɗannan biyu, saboda haka sai an karanta rubutun kowane baki kafin a ɗaura komai.

Daga inda ruwa ke tahowa zuwa na'urar, abu na farko shi ne bawul na rufewa, domin a iya gyara hitar ba tare da an yanke wa gida duka ruwa ba. Sai matata, wadda ke tare yashi da lakar rijiyar burtsatse kafin su toshe ƙananan hanyoyin cikin na'urar. Idan ruwan yana zuwa da matsi mai yawa, kamar a ƙasan dogon bene ko bayan injin mai ƙarfi, sai a sa bawul mai rage matsi. Daga nan sai bawul mai hana ruwa komawa baya, sannan mahaɗa mai kwancewa a bakin na'urar, wadda za ta ba da damar cire ta ba tare da yanka bututu ba.

Bawul mai hana komawa baya yana zuwa da sharaɗi. Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi, kusan kashi 2 cikin ɗari idan aka ɗaga shi daga sanyin famfo zuwa digiri 60. A tanki mai lita 100, wannan ƙarin ya kai kusan lita biyu, kuma ruwa ba ya matsuwa. Idan an rufe masa hanyar komawa, dole a tanadar masa wurin zuwa. Shi ya sa ake sa ƙaramin tankin ɗaukar kumburi a layin sanyi, tsakanin wannan bawul da hitar.

Bawul ɗin da ba a toshewa

Kowace hita mai tanki tana da bawul na tsaro wanda ke buɗe kansa idan matsi ko zafi ya wuce iyaka. A samfuran Amurka yana buɗewa ne a kusan ba 10 ko digiri 99. Amfaninsa yana bayyana ranar da abin da ke daidaita zafi ya lalace, wuta ta ci gaba da ci. Ruwan da ke kulle a cikin tanki yana iya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Da zarar tankin ya tsage, sai ruwan ya koma tururi nan take, tururi kuma yana cin wuri fiye da ninki 1,600 na ruwan da ya fito daga gare shi. Irin wannan fashewa tana iya rusa bango ta huda rufi.

Ƙa'idojin bututun da ke kwashe ruwa daga wannan bawul ba su da yawa. Faɗinsa kada ya gaza na bakin bawul ɗin. Ya kasance mai jure zafi, ya gangara ƙasa ba tare da hawa ba, ya ƙare kusa da ƙasa, kamar santimita 15, a wurin da ido zai gan shi kuma ruwan ba zai watsu a jikin mutum ba. Ba a sa masa famfon rufewa ko marfi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne idan bawul ɗin ya fara ɗiga, sai a ɗaure bakinsa da toshi domin kada ya ɓata bango. Ɗigar nan saƙo ce: ko dai matsi ya yi yawa, ko babu tankin ɗaukar kumburi, ko bawul ɗin ya gaji yana buƙatar canji. Toshe shi daidai yake da cire wa mota birki saboda yana ƙara.

Layin ruwan zafi

Gwargwadon kusancin hita da wurin wanka, gwargwadon sauƙin ruwa da gas. Bututun PPR mai milimita 20 da ya yi tsawon mita 15 yana riƙe da kusan lita biyu na ruwa, wanda sai ya zube kafin mai zafi ya iso, kuma haka za a yi ta yi a kowane wanka. Ana naɗe layin zafi da soso mai riƙe ɗumi, ana kuma ba shi 'yar sarari a maƙalansa, domin roba tana miƙewa idan ta ji zafi.

Batun yawan zafi kuma yana da fuska biyu. Ƙwayar cutar Lejiyonela, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a birnin Filadelfiya a 1976, tana yaɗuwa a ruwan da ke kwance tsakanin digiri 20 da 45, kuma ta hanyar shaƙar feshin shawa take shiga huhu. Saboda haka ake ajiye ruwan tanki a digiri 60, ake kuma guje wa barin guntun bututu marar mafita inda ruwa zai kwanta. Amma ruwa mai digiri 60 yana sale fatar babba cikin daƙiƙoƙi kaɗan, ta jariri da tsoho kuwa ta fi saurin ƙonewa. Abin da ke sasanta biyun shi ne bawul mai gauraya zafi da sanyi, wanda ke sauke ruwan zuwa ƙasa da digiri 50 kafin ya kai famfo. A gidan da ake wankan jego da wankan jarirai, kuɗinsa bai kai na jinyar ƙuna ba.

Inda aka rataye ta

Aikin bututu yana farawa ne da zaɓen wuri, kuma a nan ne kuskure mafi muni yake faruwa. Domin a rage tsawon bututu, sai a rataye hitar a cikin banɗaki. Kilo ɗaya na gas yana buƙatar iska kusan mita 12 ta murabba'in cika kafin ya ƙone sarai. Banɗaki mai faɗin mita 2, tsawon mita 2, tsayin mita 2.5 yana ɗauke da mita 10 ne kacal. Wankan minti goma da hita mai lita 10, a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga saboda sanyi, yana cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na iskar shaƙa da ke ciki.

Yayin da iskar ke raguwa, wutar takan daina ƙona gas yadda ya kamata, sai ta fara fitar da kabon monoksaid. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da yadda iskar shaƙa ke kama shi da ninki sama da 200. Alamunta na farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, abubuwan da a ƙasar Hausa za a fi danganta su da zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya faɗi a banɗaki a kulle, ba kasafai ake ankara da shi da wuri ba. Duk wanda aka samu a wannan hali, a fitar da shi sarari, a rufe gas, a buɗe ƙofofi, a garzaya da shi asibiti ko da ya farfaɗo.

Wurin hitar gas shi ne waje, a jikin bango, cikin rumfar da iska ke ratsawa, ko kuma ɗaki mai wadatacciyar iska tare da bututun hayaƙi na ƙarfe da ya fita waje. Gwamma a ƙara mita uku na bututun ruwa da a shigar da wutar ɗakin wanka. Tukunyar gas ma a waje take zama, a tsaye, nesa da rami ko magudana, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. Akwai kuma batun hitocin gwanjo: da yawansu an saita su ne domin gas ɗin bututu na Turai, wanda ramukan fitarsa suka fi faɗi. Idan aka haɗa su da tukunya ba tare da canza waɗannan ramuka ba, harshen wutar yakan yi rawaya da baƙin hayaƙi maimakon shuɗi.

Gwaji kafin a rufe bango

Kafin a ɗaura na'urar, ana sakin ruwa ya wanke bututan daga yashi da ɓarɓashin roba. Sannan a yi gwajin matsi da famfon hannu, yawanci ninki ɗaya da rabi na matsin da layin zai riƙa ɗauka, a zuba wa agogon ido a ga ko zai sauka. Sai an ci wannan gwaji ake yin filasta da tayil. Hita mai tanki kuma ba a kunna ta sai an cika ta, an buɗe famfon zafi har iska ta gama fita. Mahaɗun gas da ruwan sabulu ake gwada su, a duba ko kumfa zai taso. Ba a gwada su da ashana. Bayan an fara aiki da ita, ana wanke matata lokaci-lokaci, ana kuma wanke farin ɓawon da ruwa mai ma'adinai ke tarawa a ciki aƙalla sau ɗaya a shekara.

Wa ke sa ido?

Ƙasashen da suka daɗe da wannan na'ura sun koyi darasi ne da rayukan mutane. A Birtaniya, bayan fashewar gas da ta rusa wani ɓangare na benen Ronan Point a Landan a 1968, an kafa tsarin rajistar masu aikin gas, wanda tun 2009 ake kira Gas Safe Register. Dokar ƙasar ta 1998 ta hana kafa na'urar gas mai shan iskar ɗaki a cikin banɗaki, ta kuma wajabta wa mai gidan haya ya sa ƙwararre ya duba kayan gas duk shekara. A Aljeriya, maƙwabciyar Nijar, inda hayaƙin hita da na'urorin ɗumama ɗaki ke hallaka iyalai duk hunturu, Shugaba Abdelmadjid Tebboune ya umarci kamfanin Sonelgaz a farkon 2023 da ya sanya wa gidaje na'urar gano kabon monoksaid kyauta.

A Najeriya, gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da shirin Shekaru Goma na Gas a watan Maris na 2021 domin ƙarfafa amfani da shi a cikin gida. Hukumar SON ce ke kula da ingancin kayan da ake shigowa da su, hukumar NMDPRA da dokar man fetur ta 2021 ta kafa tana kula da rarraba gas, Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa na 2006 kuma aiwatar da shi ya dogara da jihohi da hukumominsu na tsara birane. Amma aikin da ake yi a bayan ƙofar gida, galibi tsakanin mai gida ne da mai aikin famfon da ya koyi sana'a a hannun maigidansa, kuma ba kasafai wani jami'i ke zuwa dubawa ba. Ɗan haya da ɗalibi da baƙon otal su ne suka fi shiga hatsari, domin ba su suka zaɓi na'urar ba, ba su kuma ga yadda aka haɗa ta ba.

Majalisun dokokin jihohi suna da hurumin sanya binciken kayan gas cikin sharuɗɗan lasisin otal da gidajen kwanan ɗalibai, da wajabta na'urar gano hayaƙi a gidajen haya. Kafin hakan ta samu, wanda zai kama haya ko ya karɓi aiki daga hannun mai famfo yana da abubuwa biyar da zai iya dubawa da idonsa: ko hitar tana wajen banɗaki, ko bututun hayaƙinta ya fita waje, ko bakin bawul na tsaro a buɗe yake, ko bututun ruwan zafi yana ɗauke da lambar PN20 ko sama da haka, da kuma ko harshen wutar shuɗi ne. Idan ɗaya daga ciki ya gaza, a rufe tukunyar gas har sai an gyara.